Tambaya da Amsa: Taya ta kumbura a gefe, a yi mata faci ko a canza?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk akan taya ne, ina ga damina ce ta jawo, hanyoyi sun farfashe, ramuka sun cika da ruwa mutum bai san zurfinsu ba sai ya ji shi a ciki. Na zaɓi guda huɗu, ta farkon zan ɗan daɗe a kanta saboda maganar rai ce.

Tambaya ta farko

"Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni direba ne ina jan Golf ta haya tsakanin Gumel da Maigatari, ranar kasuwa har sawu huɗu nake yi wani lokacin. Alhamis ɗin da ta wuce na faɗa wani rami ga mota cike da fasinja da kaya, da na sauke mutane na zagaya sai naga tayar gaba ta ɓangarena tayi wani ƙullutu a gefe kamar ƙwan kaza, amma iska bata fita ko kaɗan. Na kai wa mai facinmu yace zai cire ya sa mata faci ta ciki ya gasa, ya ƙara mata wata tsohuwar roba ta tare wajen, wai shekara ma sai tayi. Tayar nan wallahi wata biyar kenan da sayenta zanenta ko suɗewa bai fara ba, kuma motar ba tawa bace balas nake kaiwa kullum. Don Allah in yi facin ko yaya zan yi?"
Direba daga Gumel

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya ya ba da kasuwa. Ka cire tayar nan yau, kar ka ƙara ɗaukar fasinja ko ɗaya a kanta. Nasan da ciwo, taya mai wata biyar kana kallon zanenta raɗau ace ka ajiye ta, ga mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma, amma ba zan gaya maka abin da zai yi maka daɗin ji ba alhali nasan abin da ke cikin ƙullutun nan.

Bari in yi maka bayani yadda kai ma za ka iya gaya wa mai motar. In ka samu sarari ka je wajen masu yanka tsohuwar taya, waɗanda suke yin takalmi da igiyar ɗaure kaya da mazubin ruwan dabbobi, ka ce su nuna maka taya da aka tsaga gida biyu. Saman ta, inda take taka ƙasa, za ka ga kauri ne sosai, ga roba ga kuma waya ta ƙarfe an shimfiɗa hawa-hawa kamar saƙar tabarma. To ka kalli gefen, za ka sha mamaki yadda ba shi da kauri, ka matsa da yatsa biyu zai lanƙwasa maka. Babu shimfiɗar waya a nan, zare ne kawai, wasu siraran zaruruwa masu ƙarfi an jera su kusa da juna sun taso daga bakin rim sun haye sama sun sauka ɗaya bakin, sai roba da aka lulluɓe su da ita ciki da waje. Zaren nan shi ne ƙashin tayar, shi ke riƙe da iska shi ke ɗauke da mota da kai da fasinjanka da buhunan da ke but. Robar waje tufafi ce kawai.

Lokacin da ka faɗa ramin nan, bakin ramin ya matse gefen tayar ya haɗa shi da bakin rim, kamar dai ka ɗora igiya akan dutse ka buga mata guduma. Zaren wajen ya tsinke. Iskar da ke ciki ta samu inda babu mai tare ta sai ta turo robar waje, shi ne ƙwan da kake gani. Kuma kar ka raina iskar nan, tayar ƙaramar mota ana sa mata wajen 30 zuwa 35 a geji, wato duk wuri mai faɗin farcen yatsanka akwai ƙarfin da ya haura kilo 2 yana turo shi ta ciki dare da rana. Yanzu a wajen ƙullutun roba zalla ce ke tare wannan ƙarfin.

Sai kuma maganar motsi, wadda ita ce mutane ba sa lura da ita. Ka tsuguna ka kalli tayar mota da aka faka, za ka ga ta ƙasa ta ɗan baje tayi tumbi. Duk juyi ɗaya da taya za tayi, kowane ɓangare na gefenta sai ya zo ƙasa ya baje sannan ya miƙe. Taya irin ta Golf tana juyawa sama da sau 500 a kilomita ɗaya, ka ga a tafiyar kilomita 20 wajen nan ya lanƙwasa ya miƙe sama da sau 10,000, in kana gudun 100 kuwa wajen sau 15 kenan a daƙiƙa ɗaya. Lanƙwasawa tana kawo zafi, ga kwalta ta ɗauki rana, ga lodi. Zaren da ke maƙwabtaka da waɗanda suka tsinke su ne yanzu suke ɗaukar nauyin 'yan'uwansu, ɗaya bayan ɗaya suna sarewa, kuma babu wanda zai iya ce maka ranar kaza ce. Wata tayar takan kai wata guda, wata kuma ta fashe kafin ka fita daga gari. Kuma ba sacewa take yi a hankali irin ta ƙusa ba, fashewa take yi lokaci ɗaya kamar an harba bindiga.

Faci aikinsa toshe ƙofar da iska ke fita, shi kenan. Ba ya ɗinke zaren da ya tsinke, ko an gasa shi ko ba a gasa ba. Tayarka ma ai kace iska bata fita, to me facin zai gyara? Ita kuma tsohuwar robar da za a cusa ta ciki tana iya sa ƙullutun ya ɗan kwanta a ido, amma tana gogar tayar tana ƙara mata zafi, ga ta sa taya tayi nauyi ɓangare ɗaya sitiyari ya dinga rawa. Kamfanonin da suke ƙera taya irin su Michelin da Bridgestone duk maganarsu ɗaya ce, gefen tayar ƙaramar mota ba a yi masa faci.

Ba wai ina cewa mai facinku mayaudari ba ne, a'a. Ni kaina a rumfar facin kawuna na fara riƙe ƙarfe tun ina yaro, nasan yadda abin yake, mutum ne ya zo maka da damuwa babu kuɗi a aljihunsa kana so ka taimake shi ya koma neman abinci. Kuma yawancinsu sun koyi aikin ne akan tayar mai tiyub, ta keke da babur da manyan motoci, inda irin wannan dabarar take ɗan kai mutum gida. Na tuna wata rana aka jawo mana wata mota da igiya, tayar baya ta fashe musu suka sauka gona, Allah ya taƙaita babu wanda ya rasu amma wata dattijuwa ta karye a hannu. Da kawu ya cire tayar ya juya cikinta, sai ga faci babba kamar tafin hannu a manne a gefe, facin na nan lafiyarsa ƙalau ko ɗagawa bai yi ba, tayar ce ta yage ta gefensa tun daga sama har bakin rim, zaren duk ya fito fari-fari kamar gashin masara. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, daga ranar ban ƙara ganin ya karɓi facin gefe ba ko nawa za a ba shi.

Wasu a tasha za su ce maka to ka mai da ita baya mana, ai gaba ce mai haɗari. Kar ka yarda. In ta gaba ta fashe mota tana fizga ne ɓangare ɗaya kana da sitiyari a hannu kuna kokawa, in ta baya ce kuwa gindin motar ne ke kwacewa ya juyo, kuma a motar haya baya ce ke ɗauke da lodi. Haka nan kar ka mai da ita safaya, ranar da za ka buƙace ta a daji da daddare ita ma jinya take nema. In kana so ka rage asara ka sayar wa mai amalanken shanu ko mai kura, a can tafiya ce a hankali za tayi musu aiki, amma ka gaya masa gaskiyar abin da ke jikinta, kar ta zagayo ta koma ƙafar wata motar.

Mai mota kuma ka kai masa tayar ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa, rami ba laifinka ba ne. Ko ku raba kuɗin ko ya saya a dinga cirewa a hankali, duk yadda kuka yi ya fi a kira shi a waya ace motarsa ta kife da mutane. In za a sa sabuwa a duba rim ɗin ma, dukan da ya tsinka zare yana iya lanƙwasa bakinsa, a kuma duba saitin ƙafa in kaji motar tana ja gefe.

Abu na ƙarshe, Allah ya kiyaye, in taya ta taɓa fashe maka kana gudu, ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam, kar ka danna burki da ƙarfi duk da ƙafarka can za ta nufa, ka saki totur a hankali ka bar motar ta rage gudu da kanta tana miƙe, sai tayi sanyi sannan ka taɓa burki kaɗan-kaɗan ka gangara gefe.

Tambaya ta biyu

"Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a wani ƙauye kusa da Ringim, ina da 'yar Corolla. Jiya zan shiga gida na gogi bakin kwalbati, robar gefen tayar ta ɗan ɓare ta ɗago kamar ɓawon lemo. Maigidana yace ba komai, ƙanina yace sai an canza. Ni dai tsoro nake ji don da yara nake tafiya."

Malama barka kadai, kuma kin kyauta da kika tsaya tambaya. Taki da sauƙi insha Allahu, don ba kowane ciwo a gefen taya ne ke kashe ta ba. Da rana cikin haske ki sa a wanke wajen, ki ɗaga robar da ta ɓare a hankali ki leƙa. In baƙar roba kika gani a ƙasa sumul, to fata ce kawai ta kwaile. In kuwa kika hango zare, ko da layi ɗaya ne fari ko ruwan ƙasa, ƙaninki ya fi gaskiya, a canza, domin ko bai tsinke ba yanzu ruwa da ƙasa za su dinga shiga suna cin sa. Sai ki kaɗa ruwan sabulu ki zuba a wajen, in yana kumfa yana tsiro da ƙananan ƙwai iska na fita, wannan ma canji ne. Ki shafa tafin hannu a duk zagayen ki ji ko akwai inda ya taso.

In duk babu waɗannan ki cigaba da hawa, amma kullum da safe kafin ki tada mota ki kalli wajen na sati biyu haka, don wani kumburin ba ya fitowa ranar da aka yi dukan. In kuma kin ji gugar tayi ƙarfi har mota ta girgiza, ki sa mai faci ya cire ta daga rim ya duba cikin, aikin minti kaɗan ne. Manne robar da gam ba laifi, amma ki sani kwalliya ce kawai ba ƙarfi ya ƙara mata ba.

Wani abu da ke tsorata mutane a banza, wani lokacin za ki ga gefen taya ya ɗan loɓa ciki kamar tsagi daga sama zuwa ƙasa. Wannan yawanci inda aka haɗa bakin shimfiɗar zaren ne tun a kamfani, ba ciwo ba ne. Wanda ya turo waje shi ne abin gudu.

Tambaya ta uku

"Salam. Ƙusa ce ta shigar min taya a hanyar gona wajen Birnin Kudu, ba a tsakiya ba, can inda zane ya ƙare za a gangara gefe. Ban lura ba sai da nayi tafiya mai ɗan nisa a kanta babu iska. Mai faci yace tunda tiyubles ce kawai a zura mata tiyub a huta. Ya halatta?"

Wa alaikas salam Alhaji. Matsala biyu gare ka a nan, kuma ta biyun ta fi ta farko.

Inda ake faci a taya shi ne tsakiyar saman, inda shimfiɗar wayar nan take, kuma hujin kar ya wuce milimita 6, wato bai kai kaurin fensir ba. Kafaɗa, inda ka kwatanta, nan ne bakin wayar ya ƙare kuma nan ne taya tafi aiki tafi ɗaukar zafi, faci ba ya zama a wurin, hukuncinta ɗaya da gefe. Ko a tsakiyar ma, facin kirki sai an cire taya daga rim an duba ciki, an cike hujin an kuma manna faci ta ciki. Wannan 'yar igiyar mai danƙo da ake cusawa ta waje da tsinke taya na jikin mota, ta fitar da kai daga daji ce zuwa gari.

Ta biyun ita ce tafiyar da kayi babu iska. Taya in ba iska gefenta ninkewa yake yi, rim yana niƙa shi da ƙasa kamar dutsen niƙa. Ka sa a cire ta a gabanka ka zura hannu ciki, in ka ɗebo wani baƙin gari kamar garin gawayi, ko kaga zobe ya zagaye gefen ya yi tsagi ko ya yamutse, to ta gama aiki ko da daga waje tana kyalli. Tiyub zai riƙe maka iska, gaskiya ne, amma taya mai niƙaƙƙen gefe tana nan a yadda take, kuma cikin tiyubles ba sumul yake ba, yana gogar tiyub ɗin har ya huda shi. In kana tsakiyar daji babu yadda za kayi, sa ka lallaɓa a hankali zuwa gari, iyakarta kenan.

Tambaya ta huɗu

"Malam kullum kuna cewa a canza a canza, sabuwar taya fa tayi tsada. Mu a nan wajen Ɗambatta 'yar Beljiyam muke iya saya. Ya ake gane mai kyau?"

Gaskiyarka ɗan'uwa, tsada kam akwai ta. Da can ana ƙera taya a ƙasar nan, Michelin na da kamfani a Fatakwal, Dunlop na Legas, na farkon ya rufe a 2007 ɗayan ya bi baya a 2008, tun daga nan kusan duk tayar mota da muke hawa daga waje take zuwa, dala ta motsa ita ma ta motsa. Ka dai sani tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, kuma ni shawarata ko sabuwa mai araha ce ta fi tsohuwa mai babban suna wadda ba ka san tarihinta ba. Amma tunda nasan za a saya, gara a saya da ido a buɗe.

Fara da shekarunta. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ka bi shi har ƙarshe za ka ga lamba huɗu, yawanci a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In kaga 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Wani lokacin a fuska ɗaya kawai take, sai ka juya. In lamba uku ce an yi ta kafin shekarar 2000, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. In kaga wajen kamar an kankare ko an goge, ajiye musu kayansu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 'yan rod sefti, shekara 4 suke lissafa wa taya daga ranar da aka ƙera ta. Su kamfanoni suna cewa in ta kai shekara 5 a dinga duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta bai taɓu ba, to ka haɗa da irin zafin watan Afrilu a wajenmu ka ga gara mutum ya tsaya kusa da lissafin farko.

Kar ka sayi taya tana jikin rim ko an shafe ta da baƙin mai tana sheƙi. Ka ce a ba ka ita tsirara, ka fito da ita rana, ka zura hannu ka shafa cikin gaba ɗaya, in ka taɓo faci a gefe ko a kafaɗa ka bar ta. Ka danna gefen da gwiwa ya lanƙwasa, in ƙananan tsagogi suka buɗe kamar faso a dunduniya robar ta bushe. Ka duba bakinta da ke kama rim kar ya zama a yage ko waya ta leƙo. A cikin ramin zanen akwai wasu 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa, tsayinsu milimita 1.6, in zane ya kusa daidai da su ta suɗe. Sannan ka sa a ɗora ta a rim a ba ta iska a gabanka kafin ka biya, don ƙullutu ba ya nuna kansa sai da iska a ciki.

Ka kuma karanta lambar jikinta ta dace da motarka. Misali 195/65 R15 91H, 195 faɗinta ne a milimita, 15 girman rim, 91 ɗin nan kuma yana nufin taya ɗaya kilo 615 take iya ɗauka, huɗu kenan kilo 2,460 har da nauyin motar kanta. Mai ɗora buhu goma na gero akan ƙaramar mota ya yi wannan lissafin. Iskar da ta dace kuma tana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki ko littafin motar, a auna da safe taya na da sanyi, da geji, ba da bugun ƙafa ba.

Saura tambayoyin da suka shafi batir da ruwan lagireto sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Direban Gumel, don Allah ka aiko min saƙo in ka cire tayar nan.